An shafa wa gidana jan fenti: ina da haƙƙin diyya?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. A 2014 na sayi fuloti a bayan gari, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, daga hannun magadan wata gona. Awon igiya ne. Mun rubuta takardar ciniki, mai unguwa da shaidu uku suka sa hannu. Na gina ɗaki uku da shago a ƙofar gida, nan nake zaune da iyalina. Makon jiya na dawo daga kasuwa na tarar an shafa jan fenti a katangata da ta maƙwabta goma sha huɗu, wai za a faɗaɗa titi a yi magudanar ruwa. Ko 'yar takarda ba a ba mu ba. Wasu sun ce tunda ba ni da satifiket ko sisi ba zan gani ba, wasu kuma sun ce na wuce shekara goma, hauzi ya ba ni. Wanne zan kama?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, Allah ya kawo mafita. Na san barci ba ya zuwa da daɗi a gidan da aka shafa wa jan fenti, don haka ba zan yi maka kwana-kwana ba.

Maganar hauzi ajiye ta gefe. A fiƙihun Malikiyya tana aiki ne idan wani mutum ya zuba ido kana cin moriyar fili shekara goma bai yi magana ba, sannan ya taso yana da'awa. Tsakaninka da gwamnati mai son fitar da titi, ba ta da wurin zama.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne dalilin fentin, domin rusau iri biyu ne, kuma tsakaninsu akwai tazara mai nisa. Akwai wanda gwamnati ke cewa: wurin naka ne, amma jama'a na bukatarsa. Akwai kuma wanda take cewa: tun asali ka hau kan hanya ko magudanar da ke cikin taswirar gari, ko ka yi gini ba izini. Na farko doka ta wajabta diyya. Na biyu, sau da yawa mutum kan tashi hannu rabbana. Fentin bango bai faɗi wanne ne naka ba, kuma wanda ya riƙo gwangwanin fentin ma ba lalle ya sani ba.

Idan na farkon ne, ga yadda doka ta tsara. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, mu kuma haƙƙin zama da cin moriya muke da shi. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke wannan haƙƙi saboda maslahar jama'a, titi da magudanar ruwa kuwa suna ciki. Ba na so ka kashe kuɗinka kana neman kotu ta hana titi har abada, da wuya hakan ta yiwu. Ni ma ina bin hanyoyin bayan garin nan da damina, na ga mai adaidaita sahu ya sauke fasinja a tsakiyar taɓo ya ce nan ne iyakarsa, na ga mata na kwashe ruwa daga tsakar gida da bokiti. Unguwannin Kumbotso da Ungogo sun cika sun batse kafin titi ya iso su, ana bukatar aikin. Sai dai bukatar aiki ba ta ɗauke wa hukuma bin ƙa'ida.

Ƙa'idar ita ce sanarwa a rubuce, da sa hannun jami'in da gwamna ya wakilta. Sashe na 44 ya faɗi yadda za ta iso ka: a miƙa maka hannu da hannu, ko a ajiye a gidanka, ko a aiko ta wasiƙa mai rajista, idan kuma an bincika ba a gano mai wurin ba, a ba wanda aka tarar a gidan ko a liƙa ta inda kowa zai gani. Jan fenti ba ya cikin waɗannan. A shari'ar Osho da Foreign Finance Corporation ta 1991, Kotun Ƙoli ta nuna cewa soke haƙƙin mutum ba tare da sanarwa ta isa gare shi ba aikin banza ne. Sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 shi ma ya ce ba a karɓe kadarar mutum sai da biyan diyya cikin gaggawa, da ba shi damar zuwa kotu kan adadin.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar: takardunka. Masu cewa marar satifiket ba shi da komai sun yi gaggawa. Sashe na 29 na Dokar Amfani da Filaye ya ambaci mai riƙe da haƙƙi da kuma mazaunin wurin, kuma tun shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976 kotuna sun yarda ana tabbatar da mallaka ta hanyoyi biyar, ciki har da tarihin gado da daɗewa ana cin moriyar wuri. Idan gonar nan magadan sun gaje ta kaka da kakanni tun kafin 1978, kana da tushen da za ka tsaya a kai. Amma gaskiya ɗaya ce, awon igiya na da rauni. Sashe na 34 da na 36 sun taƙaita yanka irin waɗannan filaye a mayar da su fulotai a sayar, kuma a yankin da aka ayyana birni sai da rubutaccen izinin gwamna. Sa hannun mai unguwa shaida ce mai kyau cewa an yi ciniki, amma ba ta maye gurbin izinin ba. Idan kuma ba ka karɓi izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birni ta Jihar Kano, ba, lauyan gwamnati nan zai fara sa yatsa. Wannan ne ya sa nake ganin ƙarfinka ya fi yawa a teburin sulhu, kotu kuma ta zama sandar da ka riƙe a baya.

Ka kuma san me ake biya, don kada ka sa rai inda babu. Doka ba ta biyan farashin fili na kasuwa, ko da dillalai sun ce fulotinka ya ninka sau goma. Ana biyan abin da ka ɗora a kai: kuɗin da za a kashe a sake gina irinsa, a cire na tsufa, da kuɗin bishiyoyi ko amfanin gona, da ƙari idan an yi jinkirin biya. Sashe na 33 ya ba da damar a ba ka wani matsuguni a madadin kuɗi, amma idan ka karɓa, doka ta ɗauka an sallame ka, idan kuma sabon wurin ya fi naka daraja, rarar bashi ce a kanka. Kada ka sa hannu kan takardar da ba ka karanta ba, ko da an ce ta ƙidaya ce kawai.

Tun yau, ɗauki hoto da bidiyo na gidan ciki da waje, har rijiya, masai, tayil da shagon, da fentin kansa. Haɗa takardar ciniki, rasiɗin siminti da kwano in sun rage, da takardun kuɗin wuta. Ku goma sha biyar ɗin nan ku zama tsintsiya, ku yi karo-karo ku ɗauki mai ƙiyasta kadara mai rajista ya rubuta darajar kowane gida. Na taɓa zama da wasu mutane da suka zo mini bayan katafila ta wuce, ba hoto ba rahoto, sai tarin ɓaraguzai da dattijo yana nuna mini da sanda inda ɗakin matarsa yake. Babu abin da zan iya aunawa a wurin.

Sai lauyanku ya rubuta wa Ma'aikatar Ƙasa da hukumar tsara birni, ya tambayi wace hukuma ce ta yi alamar, a ƙarƙashin wace doka, faɗin titin mita nawa ne, da ranar ƙidayar diyya. A buga hatimin karɓa a kwafinku. Ku sanar da dagaci da hakimi, domin sau da yawa ta wurinsu kwamitin diyya ke tantance masu gida.

Idan aka yi shiru, ko aka ce za a rushe ba biya, ku nufi Babbar Kotun Jiha ku nemi umarnin dakatarwa. Tun shari'ar Gwamnan Legas da Ojukwu ta 1986, Kotun Ƙoli ta ce gwamnati ba ta da ikon yin gaban kanta kan kadarar da ke gaban kotu. Kada ku yi sanyin jiki: dokar kare jami'an gwamnati ta sa wa'adin wata 3 ga ƙararraki da dama, kuma ko da yake kotuna sun ware rikicin fili daga ciki, ba na so ku dogara da wannan. Wasu hukumomin ma sai an ba su sanarwa kafin a maka su.

Kafin nan, kada ka goge fentin, kada ka ƙara ko bulo ɗaya, kada ka bar matasan layi su tare ma'aikata, kuma kada ka ba kowa kuɗi don ya cire sunanka daga jeri. Ka kai wa lauya takardar cinikin ta asali, tare da ɗaya daga cikin magadan da suka sayar maka, cikin makon nan.