Amsa ga Ɗan Ƙanwata Game da Rakiyar Tasha

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ɗana, saƙonka ya iso ni, inda kake tambayar abin da ya sa kakarka ba ta yarda matafiyi ya bar gida sai an ƙulla masa guzuri, an kuma raka shi har bakin tsohuwar tashar jirgin ƙasa, alhali yanzu mota yake hawa.

Rakiya dai ta girmi jirgin ƙasa, domin fatake ma ana raka su har bayan gari, amma tasha ce ta ba ta wurin tsayawa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, sannan aka ja reshen da ya ratsa ƙasarmu ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, ya kai Nguru a 1930. Kakanninmu suna kiran lokacin zamanin diga, saboda da diga da kwando aka haƙa hanyar, kuma yawancin leburorin ta hannun hakimai da dagatai aka tara su, ba da son ransu ba. Turawa ba don ziyarar dangi suka shimfiɗa ta ba. Gyaɗa da fata da shanu suke so su kai bakin teku, shi ya sa suka kafa tashar a fili nesa da tsohon gari, inda sito da sikeli za su sami wuri.

Ginin kansa ƙarami ne, amma a gari na soro da jinka ya zama abin kallo. Bango ne mai kauri, da rufin kwano wanda ya zarce gaba ya yi baranda, da wata 'yar taga inda ake yankar tikiti, sai gidan shugaban tasha a gefe. Layin ɗaya ne tilo, don haka aka yi masa reshe a gaban tashar, jirgi ya raɓe har wani ya wuce. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu muna yara shi ne tankin ruwa a bisa ƙafafun ƙarfe, domin kan jirgin da kwal yake aiki, kuma sai ya sha ruwa kamar raƙumi kafin ya ci gaba.

Jirgi ba ya zuwa a kan lokaci, sai a wuni a barandar nan, wani lokaci a kwana. Barin ɗan'uwa shi kaɗai a wannan jira abin kunya ne, saboda haka ake tafiya da tabarma da ƙwaryar fura da dambu, a zauna tare, a ba da sallahu ga 'yan'uwan da ke Kano, a yafi juna. Na ga kakarka tana riƙe da gefen rigar mahaifinmu a bakin tarago har aka busa usur, ba ta kuma juya ba sai da hayaƙin ya ɓace.

Yau tankin ya yi tsatsa, awaki ne ke kwana a barandar. Duk da haka, idan za ka koma makaranta, ka bar ta ta raka ka har can, ka karɓi ƙullin da hannu biyu, direba ya ɗan jira.