Tsakanin Abubakar da Usman, wa ya tara Alƙur'ani?

Ɗan'uwa, kana tambaya wane halifa ne ya fara tara Alƙur'ani wuri guda. Sayyidina Abubakar ne. Bayan yaƙin Yamama ya ci mahaddata da yawa, Umar ya ba shi shawara, sai Abubakar ya ɗora wa Zaidu ɗan Sabit aikin. Takardun suka zauna wurin Abubakar, suka koma hannun Umar, sannan Nana Hafsa.

Abin da ke rikita ɗalibaina a Islamiyya shi ne "rasmul Usmani" da suke ji kullum, wato tsarin rubutun Alƙur'ani da ake jingina wa Usman. Usman aron takardun ya yi daga Hafsa, lokacin da sahabi Huzaifa ya dawo daga fagen yaƙi hankali tashe don saɓanin karatu. Aka kwafa, aka aika manyan birane, Usman ya sa aka ƙone sauran rubuce-rubucen Alƙur'ani da ke hannun mutane.