Yadda dakare ya rayu a zamanin Daular Sakkwato

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce kullum labarin sarakuna da mahaya ake ba mu, to shi dakare da ya je fagen fama da ƙafarsa, yaya rayuwarsa take? Tambayar ta taɓa ni ƙwarai, domin mahaifin kakana ɗan baka ne. Na tashi a gaban kakana a wani ƙauye kusa da Wurno, kuma daga bakinsa na sha jin labarin.

Ka fara cire hoton sojan yau daga ranka, mai kaki da albashi da bariki. Yawancin dakarun nan manoma ne. Da damina suna gona. Sai an yanke gero an kai rumbu, ƙasa ta bushe, rafuka sun janye, sannan kira ya zo daga sama, hakimi ya aika wa dagatai kowa ya kawo mutanensa. Makaminka naka ne, guzurinka ma naka ne. Kakana ya ce ranar da labari ya iso, mahaifiyarsa kwana take tana dakan gumba, ta cika wa mahaifinsa burgami, ta ɗaura masa gorar ruwa. In guzuri ya ƙare a hanya, sai abin da Allah ya hore a sansani.

Mu mutanen Wurno abin ya fi shafar mu, domin garin ribaɗi ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa shi don tsare iyaka, can ya zauna, can ya rasu a 1837. Mazaunin ribaɗi kuwa ko da damina ba ya sakin jiki, saboda harin Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi. Mutum na noma kwarinsa na rataye a itacen bakin gona.

Kwarin nan na gan shi da idona. Na fata ne, ya yi baƙi ƙirin don tsufa, yana rataye a kuryar ɗakin kakana. Kibiyoyin na kyauro ne, marasa nauyi, ba gashin tsuntsu a gindinsu, bakin ƙarfen da kunnuwa yadda in ta shiga jiki sai an tsaga kafin a zare ta. Ƙasan ƙarfen akwai wani baƙin abu daskararre kamar ƙaro, shi ne dafin kwankwani. Wata rana ina ɗan shekara tara na miƙa hannu zan taɓa, tsohon nan ya riƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya ce, "Kul! Mai ita ya mutu, ita ba ta mutu ba."

Kada ka raina 'yan baka. A Tabkin Kwatto, cikin 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade da 'yan lifidi, jama'ar Shehu kuwa ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo dawakansu ba su wuce ashirin ba. Masu kwari da baka ne suka tsaya har Gobirawa suka watse. Daga baya da daula ta yi ƙarfi, doki ya karɓe girma, amma aikin wuya bai bar hannun dakare ba. Doki ba ya hawa ganuwa. In an kewaye birni, dakare ne zai kutsa sarƙaƙiya, ya faɗa gwalalo, ya tunkari ƙofa da gatari ana yi masa ruwan kibau daga sama. Mahayi na da sulke ko lifidi. Shi daga warki sai rigar layu, in ya yi sa'a da garkuwar fata.

Wurin rabon ganima ma akwai bambanci. Bayan an cire humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar na ganimar, a mazhabar Malikiyya mahayi kashi uku yake samu, biyu na dokinsa ɗaya nasa, dakare kuwa kashi ɗaya. Hujjar malamai a fili take, kiwon doki da tsada. Abin da ke ci mini rai dabam ne: maroƙa sun adana kirarin barade, amma dubban da suka taka ƙaya ba takalmi, ko jikokinsu ba kowa ya riƙe sunansu ba.

Yaƙin da kakana ya fi maimaitawa shi ne na Argungu a 1892, lokacin da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kai wa Kabawa yaƙi zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, rundunar Sakkwato ta sha kashi. Ya ce mahaifinsa bai taɓa ba da labarin arangamar kanta ba, komai naci. Abin da yake faɗa shi ne dawowar: masu dawaki sun yi gaba, na ƙasa sun biyo cikin ƙishirwa, ya goyo wani ɗan ƙauyensu da aka sara a cinya har ya cika a bayansa, suka tsaya suka tona masa da bakin mashi. Ya iso gida ba ganima, tafin ƙafarsa duk ya tsage. Da ruwa ya sauka ya ɗauki fartanya ya koma gona, bai kuma sake fita yaƙi ba.

Kwarin yanzu yana hannun yayana a gida. Sauran kibiya bakwai a ciki, kuma har yau ba a barin yara su taɓa.