Tambaya da Amsa: Hoton malam-buɗe-littafi a gidan gilashi

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kai yara wani gidan gilashi da ake kiwon malam-buɗe-littafi a nan Ingila. Da shigata gilashin kyamarata ya yi hazo, duk hotunan suka fito dishi-dishi. Kyamarar ce ta lalace?
Mai karatu daga Birmingham

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kyamararka lafiyarta lau, gumi ta yi. Irin waɗannan gidaje ana riƙe su da ɗumi, digiri 25 zuwa 28, ga laima mai yawa, domin ƙwarin na ƙasashe masu zafi ne. Kai kuma ka shigo da kyamara daga sanyin waje, sai tururin ɗakin ya kwanta a kan gilashin, kamar yadda robar ruwa ke jiƙewa in an fito da ita daga firij.

Maganinsa haƙuri. Tun a waje ka sa kyamarar cikin leda, ka ɗaure bakin. In ka shiga, ka bar ta a ciki minti 15 zuwa 20 har ta ɗauki ɗumin ɗakin, ruwan zai tsaya a bayan ledar. Gogewa ba ta da amfani muddin gilashin na da sanyi, yanzu-yanzu hazon zai dawo. Kada kuma ka kuskura ka cire gilashin don canza wani a cikin ɗakin. In laima ta shiga cikin kyamara ta daɗe, fumfuna ke biyo baya, gyaranta kuwa da tsada. Da ka koma gida, buɗe jakar kyamarar ka bar komai ya sha iska.

Tambaya: Zan je Dubai, ina so in leƙa lambun malam-buɗe-littafi na can. Yaya zan saita kyamara, tunda ba sa zama wuri ɗaya?
Mai karatu daga Kano

Amsa: Hajiya, lambun da kike nufi, Dubai Butterfly Garden, an buɗe shi a 2015, yana kusa da Miracle Garden. Shawarar farko: kada ki bi su. Mai bin malam-buɗe-littafi gajiya kawai yake kwasa. Nemi farantin da ake ajiye masu ayaba da lemo da suka nuna sosai, ko furen da suke yawan sauka, ki tsaya nan.

Ga wanda ya sauka, saurin ɗauka kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa. Ga mai tashi sai 1/1000 ko fiye, kuma ko da haka yawancin hotunan zubarwa za ki yi. Ƙofar haske ki sa f/5.6 zuwa f/8. ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ki ɗaga shi 800, har 1600 in ganye ya tare haske. Ɗan ƙura-ƙura a hoto ya fi hoton da ya girgiza.

Inda aka fi yin kuskure shi ne tsayuwa. In kin matso kusa, wurin da ke fitowa tar ba ya wuce 'yan milimita. Don haka ki karkata har fuskar kyamara ta yi daidai da shimfiɗar fiffiken, ki saita ta a kan idon ƙwaron. In kika ɗauka a karkace, gefe ɗaya zai fito, ɗayan ya ɓace. Gilashin makro, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, na milimita 90 zuwa 105 yana ba ki tazara, inuwarki ba za ta kore shi ba. Da waya kuwa, danna 2x maimakon kusantowa.

Idan kika ga shuɗin nan mai ƙyalli da ake kira Morpho, ɗan asalin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, ki sani da ya sauka yake naɗe fiffike, sai launin ruwan ƙasa mai ɗigo kamar idanu ya bayyana. Sa kyamara ta riƙa ɗauka a jere, ki jira ya buɗe.

Ki je da safe kafin cunkoso, ki tambayi ma'aikata ko an yarda da fitilar kyamara da sanda mai ƙafa uku, don wurare da yawa sun hana. Fiffiken kuma ba a taɓa shi, ƙurar da ke maƙale wa yatsa ƙananan ɓawo ne da ba sa sake tsirowa.