Makaho ma da ƙuri'arsa a nan

Toh Malam, tambayar da kayi ko makafi da kurame a nan Ingila suna iya bincikar jam'iyyu a intanet da kansu ba ɗan jagora, eh suna iyawa, amma da sauran rina a kaba.

Makaho a nan da waya yake karatu, VoiceOver in iPhone ce, TalkBack in Android ce, yana shafa allo da yatsa tana faɗa mai wannan maɓalli ne wannan kanun magana ne. Matsalar sai jam'iyya ta kwashe alkawuranta kaf ta zuba cikin hoto mai ƙyalli ba bayani a rubuce, wayar tace "hoto" tayi gum, shikenan fa. Ko yazo cike fom ɗin shiga jam'iyya ace ya zaɓi hotunan da akwai danja a ciki don a tabbatar mutum ne, haba jama'a. Kurma kuma bidiyo ba rubutu a ƙasa, baki kawai yake gani yana motsi.

Doka akwai. Ta 2018 ta tilasta wa shafukan gwamnati da na ƙananan hukumomi su gyara, to amma jam'iyya ba hukuma bace, ita sai dai a kamata da dokar daidaito ta 2010, kuma waye zai kai ƙara ana saura sati uku zaɓe? Shiyasa ƙungiyoyi irin su RNIB ta makafi da Mencap ta masu matsalar koyo suke ta matsa musu lamba. Manyan jam'iyyun kan fitar da kundin manufofinsu da manyan baƙaƙe, da murya, da yaren hannu na kurame, sai dai sau tari a makare yake fitowa, gashi naƙasassu da yawa ta gidan waya suke zaɓe, kafin ya iso wani har ya aika takardarsa.

Mu namu mutanen, musamman dattawan da suga ya taɓa musu ido, ƴaƴa ne ke karanto musu. Ni abin bai kwanta min ba gaskiya, don mai karanto maka shi ke zaɓar inda zai tsallake, in yaron ɗan jam'iyyar Leba ne ai kasan shafin da zai fara buɗewa. Shiyasa yanzu a guruf ɗinmu duk wanda ya turo fostar ɗan takara sai ya rubuta abin da ke jiki a ƙasa ko yayi bayani da murya, in bai yi ba a goge.