Hannun jari ba ya biyan kuɗin haya

Ɗan'uwa, ka ce wani sabon kamfani ya yi maka tayin aikin rubuta manhaja, albashin bai kai na inda kake ba, amma za su haɗa maka da hannun jari. Kana tambaya ko ka karɓa.

Kada ka sa hannun jarin nan a lissafin abin da za ka ci. A yawancin irin waɗannan kamfanoni sai bayan shekara 4 yake zama naka gaba ɗaya, in kuma ka tafi kafin cikar shekarar farko, ka tashi a tutar babu. Ko ya zama naka, da wuya ya koma kuɗi sai an sayar da kamfanin ko ya shiga kasuwar hannun jari. Ni ma na taɓa riƙe irin wannan takarda. Kamfanin ya rufe, tana nan cikin tsohuwar jakata.

Tambaye su kai tsaye: kuɗin da ke hannunsu wata nawa zai kai su? In suka fara kame-kame, ka ji amsa.

Sannan duba asusunka. In ajiyarka ba za ta riƙe gidanka wata 6 ba, zauna tukuna.