Tambayi Likita: Garwashi a Ɗaki, Sanyin AC da Zafin Rufin Kwano

Likita, idan sanyi ya tsananta nakan shigar da kaskon garwashi ɗaki, mu rufe ƙofa mu kwanta. Da safe yara kan tashi da ciwon kai. Ko sanyin ne?

Baiwar Allah, ki daina tun daga daren yau. Gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau sama da 200. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala su ne alamun farko, mai barci kuwa yana iya zarcewa bai farka ba. Mutane da yawa sun ɗauka da zarar hayaƙi ya ɗauke, garwashin ya yi jajir, shi ke nan. Ko kusa! Janareta ma haka yake, ko da a bakin taga aka ajiye shi. A fitar da kaskon, a ƙara bargo, a sa wa yara safa da hula. Wanda ya tashi a galabaice a fito da shi sarari, a garzaya asibiti.

Tunda na sa AC ba na rabuwa da mura. Shi ne ke jawo ta?

Malam, ƙwayar cuta ce ke kawo mura. Abin da AC ke yi shi ne busar da hanci da maƙogwaro. Ciro matacinsa ka duba, na tabbata za ka tarar ƙura ta yi masa kauri. Wanke shi, ka bar na'urar a digiri 27, ka haɗa da fanka.

Ɗakinmu rufin kwano ne babu sili, mahaifiyata mai hawan jini tana jigata da rana.

Allah Ya ba ta lafiya. Kwano na kwasar zafin rana ya sauke shi kai tsaye a kanku, saboda haka sili shi ne babban gyara, kuma zai riƙe muku ɗumi lokacin sanyi. Farin fenti a saman rufin yana rage zafin. A saki labule da rana, a buɗe tagogi da dare. Idan zafin ɗaki ya kai digiri 40, fanka kaɗai ba ta wadatarwa. A riƙa shafa mata jiƙaƙƙen tawul, ta sha ruwa a kai a kai. Wasu magungunan hawan jini suna ƙara fitsari, don haka ku tuntuɓi likitanta, amma kada ta daina sha da kanta.